Haɗa Ƙaramar Roka a Matsayin Aikin Makaranta: Asali, Tsari da Kalmomin Koyarwa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda ɗalibai ke haɗa ƙaramar roka su harba ta a matsayin aikin makaranta. Ta bibiyi asalin aikin a Amurka, sannan ta fayyace sassan roka da ƙa'idojin tashinta cikin Hausa. Maƙalar ta nuna cewa nasarar aikin ta rataya ne a kan awo da daidaito, kuma Hausa na da kalmomin da za su ɗauki wannan bayani.

1.0 Gabatarwa

A ranar 4 ga Oktoba, 1957, Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko. Lamarin ya zaburar da matasan Amurka, suka shiga ɗura albarushi cikin bututun ƙarfe, abin da ya jawo wa wasunsu asarar yatsu da idanu. Homer Hickam, ɗan garin Coalwood mai mahaƙar kwal, ya bayyana a littafinsa Rocket Boys na 1998 cewa rokar farko da suka haɗa da abokansa fashewa ta yi, ta ragargaza shingen lambun mahaifiyarsa. Sai da suka rungumi lissafi da gwaji kafin aikinsu ya ci lambar zinariya a baje kolin kimiyya na ƙasa a 1960.

2.0 Yadda Roka Ta Shiga Aji

A 1954 Orville Carlisle, wani mai sayar da takalma a jihar Nebraska, ya ƙera ɗan injin roka wanda ake amfani da shi sau ɗaya a jefar. A 1957 shi da G. Harry Stine suka kafa ƙungiyar da a yau ake kira NAR, sannan a 1958 Vernon Estes ya kafa kamfanin sarrafa irin waɗannan injuna. Da haka aka raba ɗalibi da haɗa makamashi da hannunsa, wanda shi ne tushen haɗarin. Ana rarraba injunan da haruffa, kowane harafi yana ninka ƙarfin wanda ya gabace shi sau 2.

3.0 Sassan Roka da Ƙa'idar Tashi

Roka na da sassa 5: gangar jiki ta kwali, hanci mai tsini, fukafukan wutsiya, inji, da laimar sauka. Tashinta ya dogara ga doka ta 3 daga dokokin motsi da Isaac Newton ya wallafa a 1687: idan inji ya feso hayaƙi ƙasa, hayaƙin zai tunkuɗa roka sama da ƙarfi daidai da wanda aka feso shi da shi.

Sai dai tashi daban, tafiya ɗoɗar daban. Akwai cibiyar nauyi, wato wurin da roka ke tsayawa daidai idan an ɗora ta a kan yatsa. Akwai kuma cibiyar matsin iska, inda bugun iska ke tattaruwa a jikinta. Wajibi ne cibiyar nauyi ta kasance gaba da ta matsin iska da tazarar da ta kai aƙalla faɗin gangar jiki, in ba haka ba roka za ta wuntsila. Kibiyar maharbi ta isa misali: nauyin ƙarfen kanta ne ke sa ta tafi da tsini a gaba.

4.0 Gwaji da Harbawa

Kafin harbawa, ana ɗaura igiya a cibiyar nauyi a wulwula rokar. Idan hancin ya fuskanci gaba, ta daidaita. Idan ya kauce, sai a ƙara masa nauyi ko a faɗaɗa fukafukai. Ƙa'idojin NAR sun tanadi cewa da lantarki ake kunna inji, daga nesan kimanin mita 5 ga ƙananan injuna, kuma ba a harbawa idan gudun iska ya haura kilomita 32 a awa.

Inda ba a sayar da injunan, roka mai ruwa ta wadatar. Ana zuba ruwa kimanin kashi 1 cikin 3 na gorar roba mai lita 2, a kife ta, a matsa iska da famfon keke har ruwan ya tsarto. Don auna tsawon tashi, ɗalibi zai tsaya mita 100 daga wurin harbi ya auna kusurwar ƙololuwa. Idan ta kai digiri 45, rokar ta yi sama mita 100.

5.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa roka ta zama aikin makaranta ne bayan da aka fitar da albarushi daga hannun yara, aka ba su ma'auni. Kalmomi irin su tunkuɗa, cibiyar nauyi da laimar sauka sun fito ne daga maganar yau da kullum, don haka ɗalibi na iya kama ma'anarsu tun daga jin farko. Abin da ya rage ga masana harshe shi ne su tantance su, su daidaita su, domin malamin Katsina da na Maraɗi su kira abu ɗaya da suna ɗaya.