Warware Rashin Daidaito Mai Lamba Ƙasa da Sifili

Ƙa'idar darasin ita ce: idan aka ninka ko aka raba ɓangarorin rashin daidaito biyu da lambar da ke ƙasa da sifili, wajibi ne a juya alamar. Dalili kuwa, 3 < 5, amma −3 > −5, domin wanda ake bi naira 3 ya fi wanda ake bi naira 5 sauƙin hali.

Misali: wani manomi a Basirka ya adana buhun gero 20, iyalinsa na cin buhu 2 kowane wata. Yana son abin da zai rage ya haura buhu 6, saboda iri da hidimar damina. Wata nawa za su ci?

20 − 2x > 6
A debe 20: −2x > −14
A raba da −2, a juya alama: x < 7

Gwaji: a wata 6, saura buhu 8, a wata 8, saura 4 kacal. Ɗalibin da bai juya alama ba zai sami x > 7, ya cinye wa manomi irinsa. Don haka malami ya saba wa ɗalibai da gwada amsarsu.

Aiki: a warware 15 − 3x ≥ 6.