Kasuwa Huɗu da Hannu a Rufe

Darasi domin maigida da uwargida

Ɗan'uwa mai karatu, ka taɓa lura da lokacin da kuɗi suka fi zubewa a gidan manomi? Ba lokacin wuya ba ne. Lokacin daɗi ne. An yanke hatsi, an ɗaure, an zuba a rumbu. Wake da gyaɗa sun shigo. Kowa ya ƙoshi, zuciya ta kwanta, hannu kuwa ya buɗe. Daga Oktoba zuwa Disamba ba a jin zafin fid da tiya biyu ko uku a kai kasuwa, gama rumbu cike yake, ba a ga wurin da aka ɗiba. Sai watan Yuli ya zo, ana tsakiyar noma, sa'an nan a ga gindin rumbu.

Darasinmu a kan wata dabara ne mai sauƙin faɗi. Mutanen gida su yi shawara, su ce, "Daga yau har kasuwa huɗu, ba mu sayen kome sai abin da ya zama tilas." Kwana 28 ke nan. A Amurka da Ingila akwai masu yin haka, da yawa cikinsu a watan Janairu, bayan sun ɓad da kuɗi a bukukuwan ƙarshen shekara. Amma su masu albashi ne, ƙarshen wata wasu kuɗi za su shigo. Manomi sau ɗaya ake biyansa a shekara. Idan mai albashi ya ga amfanin rufe hannu, balle mu.

Bari mu yi lissafi

Kada mu yi magana a iska. Ɗauki alkalami, ko kuwa ka zana a ƙasa. Kuɗin da zan sa a nan misali ne kawai, kai ka sa na gidanka.

A ce shayi da sukari da gawayi suna cin dala 30 kowace rana. Cikin kwana 28, dala 840. Goro na dala 10 a rana, dala 280. Katin waya na dala 100 a mako, dala 400. Ran kasuwa kuma, ɗan tsire, da lemun kwalba, da kabo-kabo a hanyar da ƙafa za ta iya, a ce dala 100, sau huɗu dala 400. Haɗa su duka: dala 1,920. Jikka 9 ke nan da dala 120. Shekara kuwa tana da irin wannan kwana 28 har sau 13, wato abin ya wuce jikka 120. Mutum zai rantse bai taɓa riƙe jikka 120 a hannunsa ba, ga shi kuwa sun bi ta hannun nan nasa, dala goma goma.

Amma lissafin bai ƙare ba tukuna, ga inda ya fi ciwo. Daga ina kuɗin nan suka fito? Daga rumbu. A ce da kaka tiyar hatsi tana dala 100. Domin a sami dala 1,920 sai an sayar da tiya 19 da ɗan ɗori, kusan rabin buhu, gama babban buhu wajen tiya 40 yake ci. Gidan da ake daka tiya guda a rana, abincin kwana 19 ke nan ya tafi. In damina ta yi tsaka, a ce tiya ta kai dala 150, mai gidan nan zai koma kasuwa ya sayo tiya 19 ɗin a kan jikka 14 da dala 50. Ya sayar da araha, ya saya da tsada, hatsin kuwa nasa ne tun farko. Ɗan kasuwa bai yi masa sata ba, ajiya kawai ya yi masa, ya karɓi ladan ajiya. In kuwa babu kuɗin sayowa, sai bashi wanda za a biya da hatsi a kaka mai zuwa, ko kuwa maigida ya bar gonarsa da haki ya tafi ƙwadago a gonar wani.

Mu da muka ga yunwar 1984 muna yara, muka kuma ga tsadar hatsi ta 2005 muna da iyali, mun san abin da tiya 19 take nufi a watan Agusta.

Me ya sa kasuwa huɗu kaɗai?

Wani zai ce, in abin yana da kyau, don me ba za a yi shi dukan shekara ba? Domin ba za a iya ba. Wanda ya ce daga yau ya bar shayi har abada, jibi za ka same shi a bakin fada da kofi a hannu. Alkawarin da ba shi da iyaka, da wuri yake karyewa. Amma kwana 28 kowa yana hango ƙarshensu, har yara suna iya ƙirga su da tsakuwa.

Na ce a ƙirga da kasuwa, gama ran kasuwa ce ranar gwaji. Wanda ke kusa da Maraɗi yana da gwaji biyu a mako, Litinin da Jumma'a. Na Damagaram, Alhamis. Kowa ya san tasa. Lokacin da ya fi dacewa a fara kuwa shi ne da zarar an gama zuba hatsi a rumbu, a gama kafin hidimar Kirsimati ta taso. Ta haka in an zo ɗinka wa yara tufafi, za a san ko nawa ne a hannu.

Kada kuma a ɗauka babban amfanin abin shi ne jikka 9 ɗin nan. A ganina abin da ya fi su shi ne sani. Yawancinmu ba mu san inda kuɗinmu suke bi ba. Randar da ke yoyo a gindi, sai an daina zuba mata ruwa an zura ido, sa'an nan a ga wurin tsagar. Duk lokacin da hannunka ya tafi aljihu ka tuna ka janye shi, ka gano tsaga guda.

Abin da ba a taɓawa

A nan sai mu yi hankali ƙwarai, gama dabara mai kyau tana iya zama zalunci a hannun marar tausayi.

Magani ba ya cikin abin da ake rufe wa hannu. Ƙarshen damina da kaka lokacin zazzaɓin cizon sauro ne. Yaro ya yi zafin jiki, a kai shi likita ran nan, ko da dukan abin da aka tara zai tafi. Domin irin wannan rana ake tarawa. Haka nan awon mace mai ciki, da sabulu, da gishiri, da littafi da alkalamin ƴan lakwal. Bashin da lokacin biyansa ya yi, a biya. Baikon da kuka saba bayarwa ran Lahadi, da taimakon gwauruwa ko maraya, ba su cikin wannan lissafi. Baƙo ya sauka, a ba shi ruwa da fura da tuwon gida kamar kullum. Abin da za a bari shi ne ƙaryar arziki, wato a ci bashin shinkafa da lemun kwalba domin baƙo ya ce gidan nan da hali.

Kuɗin niƙa fa? Na ji waɗansu mazaje suna cewa, "To, sai mata su koma ga turmi, a huta da kuɗin inji." Ban yarda da wannan ba. Matar da ta yi ɗibar ruwa, ta yi itace, ta yi sussuka, ba a ƙara mata daka domin maigida ya ce ya yi tattali. Wanda ya kawo shawara, shi ya kamata ya fara jin zafinta. Maigida, fara da shayinka da goronka da wayarka. In uwargida ta ga kwana bakwai butar shayi tana rataye, ba sai ka roƙe ta ba, da kanta za ta ce, "Baban yara, ni ma na bar dunƙulen Maggi, akwai daddawar batso da na ajiye, ga kuka, ga busasshiyar kuɓewa." Amma in ka rage mata kuɗin cefane kai kuwa kana can fada kana shan na ɗaya da na biyu da na uku, ba tattali ka kawo gida ba, faɗa ka kawo.

Sai batun biki da ta'aziyya, wanda ya fi wuya. Gudummawar biki a wurinmu kamar rance ce. Wadda ta kawo miki dala 200 ran sunan ɗanki, tana sa rai ran nata. Wannan ba a ƙi shi, gama zumunci ma rumbu ne. Ki kai abin da ke kanki. Amma sabon zane na anko, da kuɗin mota zuwa bikin wanda ko sunan kakansa ba ki sani ba, waɗannan suna iya jira. Ku zauna tun ran farko, ku biyu, ku faɗi bukukuwan da kuka sani suna tafe cikin kwanakin nan, ku yanke abin da za a kai. Abin da aka yanke tun da wuri ba ya zama gardama daga baya.

Yadda kwanakin suke tafiya

Mako na fari shi ne mai ciwo. Wanda ya saba da shayi mai ƙarfi ko goro, in ya bari gaba ɗaya, kansa yakan yi ciwo, jiki ya mutu, ya riƙa jin haushi ba dalili. Wannan ba wata cuta ba ce. Akwai wani sinadari cikin shayi da goro da kofi wanda jiki yake sabawa da shi, in ya rasa sai ya yi ƙara. Yakan fi tsanani a kwana na biyu, ya wuce cikin mako guda ko da ɗan ɗori. A sha ruwa da yawa, a sha kunu da safe. Uwargida, ki yi haƙuri da shi kwanakin nan. Wanda ya ga ba zai iya yankewa gaba ɗaya ba, ya rage zuwa sau ɗaya a rana, ya rubuta abin da ya rage.

Abokai za su yi ba'a. Za su ce talauci ya kama ka, ko kuwa matarka ta mallake ka. Ba sai ka yi musu wa'azi ba. Ka ce, "Ina da abin da nake nufi, sai bayan kasuwa huɗu." Ka zauna da su, ka yi hira, zumunci ba a cikin buta yake ba.

Ran kasuwa, in ba ka da abin sayarwa ko abin saye na tilas, kada ka tafi. Ido ba ya ganin kaya ya yi shiru. In tilas ne, ka ci ka ƙoshi a gida, ka ɗauki kuɗin abin da ya kai ka daidai, ka bar saura.

Akwai wayo iri uku da mutum yakan yi wa kansa. Wani yakan cika gida da shayi da sukari ana gobe za a fara. Wani yakan ce wa mai tebur, "Rubuta, sai wata ya ƙare," ya ce ai bai fid da kuɗi ba. Bashi saye ne, har ya fi saye muni. Na uku shi ne wanda ya daure kwana 28 sarai, ran 29 ya shiga kasuwa kamar ɗan akuyar da aka kwance, ya rama duka. In kuwa wani ya yi tuntuɓe a tsakiya, ya sayi abin da aka ce ba za a saya ba, kada a ce abin ya lalace. A rubuta shi, a ci gaba washegari.

Kowace maraice a zuba kuɗin ranar a asusu ko gwangwani, gaban kowa. In ba kuɗi a hannu, gama da ma hatsi za a sayar, a ja layi a bango domin kowace tiyar da ta tsira. Ɗan lakwal na gidan shi ne magatakarda. Yaron da ya ƙirga layukan nan da hannunsa ya koyi lissafin da zai amfane shi in ya yi nasa gida.

Ran da aka buɗe gwangwani

Tun ran farko ya kamata a san abin da za a yi da kuɗin, a kuma faɗe shi da baki. Kuɗin da ba su da suna, kowa yana da suna dominsu. Ɗan'uwa zai zo da tasa matsala, dillali zai zo da tsohuwar waya mai araha. Saboda haka kada su kwana uku a gida suna kuɗi. A juya su su zama wani abu mai wuyar ɓarewa.

Hatsi shi ne na fari, tun yana da araha, a ɗinke buhun a ce wannan na watan Agusta ne. Wake ma yana da riba ga mai haƙuri, gama kuɗinsa yakan tashi bayan kaka, sai dai ƙwari suna ɓata shi. Tun wajen 2007 aka shigo da buhun PICS a ƙasarmu, mai leda biyu a ciki da buhu a waje. In waken ya bushe sarai, aka ɗaure kowace leda dabam yadda iska ba ta shiga, ƙwarin sukan mutu ba tare da an zuba magani ba. A duba kada leda ta huje, a kuma ɗora buhun a kan itace nesa da ɓera.

In abin da aka tara ya kai, ko aka haɗa da na wani zagaye, a sayi ƴar akuya. Jar akuyar Maraɗi sananniya ce har ƙasashen waje saboda fatarta, tana kuma yawan haifar tagwaye. Akuya tana da wani amfani kuma: ba a yanko dala 10 daga jikinta a sayi goro.

Uwargida kuwa tana da hanya a ƙungiyar Mata Masu Dubara, wadda aka fara a jihar Maraɗi a 1991 da taimakon ƙungiyar CARE, daga nan dabarar ta bazu zuwa ƙasashe da yawa. Mata sukan taru kowane mako, kowace ta zuba abin da aka yarda a akwati, mai bukata ta ɗauki rance ta mayar da ɗan ƙari, ƙarshen zagaye a raba. Inda akwai irin wannan a garinku, rabon uwargida daga gwangwani ya shiga can da sunanta. Na ce rabonta, gama ita ma ta rufe hannu. Ku raba tun gaban yara, kowa ya ga nasa.

Bayan wannan ku ɗauko takardar magatakarda ku duba ta layi layi. Cikin abubuwan da aka bari, wanne ne aka yi kewarsa da gaske, wanne ne kuwa ba wanda ya tuna da shi bayan mako na biyu? Na farin a komo da shi, amma da ma'auni, a ce shayi sau ɗaya a rana, katin waya na dala 50 a mako. Na biyun a bar shi inda yake. Sa'an nan ku sa ranar zagaye na gaba. Watan Maris yana da kyau, lokacin da masu cin rani suke aiko da kuɗi gida, kafin a fara neman iri da taki.