Takardar Widal ba ita ce hukunci ba

Duk damina, idan masassara ta yi yawa a Dogon Dutsi da Tibiri, sai ka ji ana cewa, "Labo ta ce tifoyid ce." Galibi gwajin Widal ake nufi, wanda likitan Faransa Fernand Widal ya fito da shi a 1896. Gwajin nan ba ya ganin ƙwayar cutar. Garkuwar da jini ya haɗa don yaƙarta yake aunawa, ita kuwa garkuwa takan yi watanni bayan cuta ta tafi, kamar sawun raƙumin da ya wuce tun jiya. Wanda ya taɓa yin tifoyid, da wanda masassarar cizon sauro ke ci yanzu, duk takardarsu na iya cewa akwai. A makon farko na tifoyid ta gaske kuma, tana iya cewa babu.

Haka abin yake a Amurka da cutar Lyme, wadda kaska ke yaɗawa. Garkuwarta kan yi shekaru a jini, don haka ba a auna warkewa da ita. Wani gwajin, CD57, da aka yi ta sayar wa masu doguwar jinya, bincike a 2009 ya nuna bai bambanta su da masu lafiya ba.

To, idan masassara ta kama ka, fara da gwajin cizon sauro. In an yi zargin tifoyid, tambayi likita ko akwai halin a shuka jininka a ga ko ƙwayar za ta tsiro, kafin ka soma magani. Widal ɗaya tak ba hujja ba ce. Sai an maimaita bayan kwana 10 zuwa 14 an ga ta hau. Bayan ka gama magani kuma, kar ka koma labo neman takarda ta wanke ka. Abin da ya fi damuna ke nan: mutum ya warke, takarda ta ce akwai, sai ya sake sayen maganin sipro wajen mai talla. Yawan shan magani barkatai ne ke haifar da tifoyid mai ƙin jin magani, irin wadda ta ɓulla a Pakistan a 2016.

In kasala ta ƙi tafiya, a duba ƙarancin jini, tarin fuka, ciwon suga da ciwon hanta. Amma in masassara ta haɗu da ciwon ciki mai tsanani, ciki ya ƙage, hanji na iya hujewa. Ku kai mara lafiya asibiti a daren, kar ku jira wata takarda.