Takardar Lada: Dabarar Koya wa Yaro Kwanciya da Wuri

Hakimi da malaminsa su ne madubin talakawa. Saboda haka ga wata dabara ta reno wadda ya kamata su fara gwadawa a gidajensu, sa'an nan su bayyana wa dagatai da masu unguwa.

Barci nawa ya ishi yaro?

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 3 zuwa 4 yana bukatar barcin awa 10 zuwa 13 a kwana guda, har da na rana. Likitocin barci na Amurka kuma, a 2016, sun yanka wa ɗan shekara 6 zuwa 12 awa 9 zuwa 12. Watau yaron da za a tashe shi ƙarfe 6 na safe, ya kyautu ƙarfe 8 na dare ya same shi kwance. Cikin barci mai nauyi ne jiki ya fi fid da sinadarin da ke sa girma. Wanda bai ƙoshi da barci ba kuwa, sai gyangyaɗi a aji, ga saurin fushi, ga mantuwa.

Iyaye da yawa su kan kora yaro shimfiɗa da bulala, ko su ce Dodo na zuwa. Wannan ba ya magani, gama tsoro shi ne babban mai korar barci.

Tushen dabarar

Wani masanin halayya na Amurka, B. F. Skinner, ya nuna a littafinsa na 1938 cewa aikin da lada ya biyo bayansa nan da nan, shi a kan sake yi. A kan wannan a ka gina takardar lada. Tana amfani ga yaro daga wajen shekara 3, lokacin da ya fara gane alkawari.

Yadda a ke yinta

1. A sami farar takarda a ja mata layi da rula, kamar yadda malami ke ja wa littafin ofis. A rubuta ranakun mako bakwai a sama.

2. A gefe a sa ayyuka uku kaɗai, misali: wanke baki, shiga gidan sauro da an ce lokaci ya yi, da zama a shimfiɗa ba fitowa sai don fitsari. Tun da yaro bai iya karatu ba, a zana hoton kowane aiki. Gidan sauron nan ba abin wasa ba ne, domin sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro da dare ya ke cizo.

3. Kada a rubuta "yin barci" cikin ayyukan. Kwanciya tana hannun yaro, amma barci ba a yinsa da umurni. Abin da ya ke iyawa shi a ke saka wa.

4. Da ya cika aiki, a ba shi fensir ya yi tauraro da hannunsa, a yaba masa a faɗi abin da ya yi. Na zama a shimfiɗa, da gari ya waye a ke yinsa.

5. A fara da sauƙi: taurari uku su jawo lada. Daga baya a ƙara yawansu. Ladan ya zama ƙarami, kamar ƙarin tatsuniya, ko dabino, ko rakiyar uba ran kasuwa.

6. Ran da ya kasa, a bar gurbin fari, ba faɗa ba gori. Tauraron da ya samu kuwa, kada a goge shi ko kusa. In an goge, yaro ya daina yarda da takardar.

Abin kiyayewa

Lalle uwa da uba da kaka su zama bakinsu ɗaya, lokacin kwanciya kuma ya zama ɗaya kullum. A kashe talabijin, a ɗauke wayar hannu tun da sauran awa guda. Kowane yaro da takardarsa, kada a mai da abin gasa tsakanin 'yan uwa, balle 'yan uba. In hali ya zauna bayan 'yan makonni, a riƙa janye lada sannu sannu, yabo kaɗai ya rage. Yaron da ke minshari mai ƙarfi, ko numfashinsa ke tsayawa cikin barci, asibiti za a kai shi, takarda ba ta maganinsa.

Ana roƙon malaman hakimai su ja waɗansu takardun, a raba wa dagatai ran taro. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.