Amsoshin Tambayoyinku: Wa Ke Ba Mitokondiriya Umarni a Cikin Yis?

Wata ɗaliba daga Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ta Bauchi ce ta aiko tana tambaya: yaya cibiyar ƙwayar halitta ke sarrafa haɗa furotin a mitokondiriyar yis?

To malama, yis ɗin nan da ake sa wa ƙullun masar Bauchi ya kumbura, rai gare shi, ƙwaya ɗaya tak. A cikinta akwai mitokondiriya, murhun da ke ƙona sukari da iska ya ba da ƙarfi. Murhun yana da nasa DNA, amma manyan furotin 8 kawai yake haɗawa. Sauran, wajen 1,000, daga umarnin cibiya suke fitowa, a shigo da su.

Cikin waɗanda ake shigowa da su akwai masu tsaron ƙofa, kowa da saƙon DNA ɗin murhun da yake buɗewa don a haɗa furotin. Pet111 ke buɗe na Cox2, Pet309 kuma na Cox1, biyu daga cikin furotin 8 ɗin nan. Wanda ya fi burge ni shi ne Mss51: yakan riƙe sabon Cox1 har sai an haɗa shi da 'yan uwansa. Muddin yana riƙe, ba zai koma ya sa a yi wani ba, don haka kaya ba sa taruwa a banza.

Me ya sa ake nazarin wannan a yis? Ko murhun ya lalace yana rayuwa da tsimin sukari, sai dai girmansa ya ragu. Masanin kimiyya Boris Ephrussi ya bayyana haka a Faransa a 1949.