Yadda Ake Gano Dalilin Gugar Sarƙa da Rawar Shaf a Babur

A ƙasar Isa da Sabon Birni babur ne ke kai buhun gero kasuwa, shi ke ɗauko mara lafiya daga ƙauye, da shi ɗan kabu-kabu ke ciyar da iyalinsa. Kowa kuma ya san halin da hanyoyinmu ke ciki, tunda a 2021 sai da gwamnatin Jihar Sakkwato ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa saboda 'yan bindiga. Wanda sarƙa ta tsinke masa a tsakiyar daji a wannan yanki, ransa ne ke cikin haɗari. Saboda haka idan babur ɗinka, Boxer ne ko Jincheng, ya soma wani kar-kar daga gefen hagu, ka bincike shi tun kana gida.

Da farko ka kashe inji, ka zare makulli. Kada ka taɓa kai hannu kusa da sarƙa alhali inji na aiki, domin yatsa ba ya dawowa. Ka ɗaga babur a kan jak yadda tayar baya za ta bar ƙasa, ka sa giya a firi, sannan ka juya tayar da hannu a hankali kana saurare. Idan ƙarar na zuwa tana ɗaukewa, akwai inda sarƙar ta ƙage ko ta miƙe fiye da sauran. Idan kuwa ba ta yankewa, wani abu take guga. Ka kwance murfin sarƙa ka duba cikinsa. Duk inda ka ga fenti ya goge, ƙarfe na ƙyalli, nan ne wurin. Sau da yawa murfin ne ya lotse bayan faɗuwa a rairayi, kuma miƙe shi kawai ya wadatar. Ka duba robar da sarƙa ke bi ta kanta a jikin ƙarfen da ke riƙe tayar baya. In ta cinye, ƙarfe ne ke cin ƙarfe.

Sai awon sassauci. Ka sa yatsa a tsakiyar sarƙar ta ƙasa, ka tura sama ka ja ƙasa. A irin waɗannan ƙananan babura ya kamata ta motsa santimita 2 zuwa 3. Ka riƙa juya taya kana gwadawa a wurare da dama, ka yi hukunci da inda ta fi tauri. A nan ne mutane da yawa ke kuskure. Mai babur ya ji sarƙa na bugun murfi, sai ya ce wa yaron bakanike ya ja ta ta yi tam. Babur na kan jak ba kaya, komai lafiya. Da an ɗora buhu biyu da fasinja, bayan babur ya zauna, sai tazarar da ke tsakanin sifiroket na gaba da na baya ta ƙaru, sarƙar ta ɗaure kamar tsirkiyar baka. Duk ramin da aka faɗa, wannan ƙarfin a kan shaf ɗin giya da boris ɗinsa yake sauka. Don haka bayan ka daidaita, ka sauke babur daga jak, ka sa wani ya hau, ka sake taɓawa. Dole a samu ɗan sassauci ko da mutum na bisa.

Ka tsuguna a bayan babur ka hango layin sarƙar, ya kamata ta tafi samɓal. Ajastocin da ke gefe biyu na tayar baya suna da zane-zane; in na dama yana kan zane na uku, na hagu ma ya zama a na uku. Taya karkatacciya na sa sarƙa cin gefen haƙora. Ka kama tayar ka girgiza ta hagu da dama. In ta yi ƙwas-ƙwas, ko boris ɗin taya ne ko bushin ɗin ƙarfen da ke riƙe da ita. Ka kuma ja sarƙar baya daga jikin babban sifiroket. In har ka ga fiye da rabin haƙori a fili, ko haƙoran sun yi tsini sun lanƙwashe, ta gama aiki.

Yanzu ka kwance ƙaramin murfin da ke rufe sifiroket na gaba. Rawa iri biyu ce a wurin, kuma bambanta su shi ne zai hana a caje ka kuɗin buɗe inji a banza. A baburan da ake riƙe sifiroket da ɗan faranti da ƙusoshi biyu, yakan ɗan yi motsi a kan shaf, haka aka ƙera shi. Ka sassauta sarƙa, ka cire sifiroket ɗin gaba ɗaya, ka kama shaf ɗin kansa. Ɗan motsin shiga da fita, wanda da ƙyar za ka ji shi, ba abin damuwa ba ne. Motsin sama da ƙasa shi ne mugun labari, musamman idan baƙin mai na tsatsafowa ta oyil sil ya jiƙa wurin. Ka juye man inji a kwano mai tsabta ka kai shi rana. In ka ga ɓurɓushin ƙarfe na walƙiya a ciki, boris ya ci, kuma sai an raba inji biyu kafin a kai gare shi. Canza oyil sil kaɗai ɓarnar kuɗi ce, yoyon zai dawo.

Ka kalli tsagogin bakin shaf inda sifiroket ke zama. In sun cinye, wasu kan ba da shawarar a yi walda a manne su. Ban goyi bayan haka ba ko kaɗan: zafin walda na ƙona oyil sil, kuma ranar da sifiroket ya cinye sai an yanka. A sayi shaf, ko da na hannu ne mai kyau.

In za ka canza sarƙa, ka canza ta tare da sifiroket biyun, lambarta kuma ta zama irin wadda aka cire. Yawancin waɗannan babura 428 suke ɗauka. Yanke gaɓa don a gajarta tsohuwar sarƙa ba ya mayar da ita sabuwa. Kilif ɗin da ke haɗa bakinta, rufaffen kansa ya fuskanci inda sarƙar ke tafiya. Ka wanke ta da kananzir, ta bushe, ka ɗiga mai kaɗan ka goge rarar, domin giris mai yawa rairayi yake tarawa ya riƙa niƙa ƙarfe. Da damina, duk ranar da ka ratsa ruwa ko lakar fadamar Rima, ka sake sa mai. Ka mayar da murfin sarƙa, kada ka jefar da shi don gayu.

In binciken ya nuna shaf na rawa sama da ƙasa, kada ka ɗauki fasinja ko kaya, kada kuma ka kama doguwar hanya. Ka kai shi wurin bakaniken da ya saba buɗe inji, ka tsaya a cire tsohon boris a gabanka.