Ruwan da ke zuwa mana daga Tiga: abin da na koya game da Kogin Hadejia

A daminar 2022 ruwa ya cinye gonar shinkafar mahaifina da ke bakin kogi a ƙasar Miga, kuma da kuɗin wannan shinkafa ake biya mini kuɗin makaranta. Sai da ƙanin babana ya sayar da tinkiya kafin na yi rajista. Tun daga nan na ƙudurta cewa idan na kai shekarar ƙarshe, a kan wannan kogi zan yi furojek ɗina. Ga kaɗan daga abin da na tsinta.

Abu na farko da ya kamata a gane shi ne, kogi ba ya farawa a inda kake ganinsa. Duk ƙasar da ruwan samanta ke gangarowa cikin kogi ɗaya ita ake kira kwarin kogin. Namu ya faro ne daga jihar Kano, inda Kogin Kano da Kogin Challawa suka haɗu, ya bi ta Wudil, ya shigo Ringim, ya wuce Hadejia. Can gaba ya haɗu da Kogin Jama'are, su zama Komadugu Yobe, har Tafkin Chadi. Don haka abin da aka yi wa ruwa a Kano, mu ke jin sa a jikinmu.

An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, duka biyun yanzu suna ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Hadejia da Jama'are. Sun ba birnin Kano ruwan sha, sun raya noman rani a Kadawa da Kura, haka nan a Auyo nan Jigawa. Wannan alheri ne, ba wanda zai musa. Amma akwai abin da suka canza wanda ba a cika faɗa ba. A da, kogin kan cika da damina ya malala cikin fadamu, da rani kuma ya janye har ya bushe a wurare da yawa. Wannan cika da janyewa ita ce rayuwar mutanen kwarin. Idan ruwa ya malala, kifi ya hayayyafa a ciki. Idan ya janye, ya bar laka mai taki, a shuka wake da kankana a danshinsa, Fulani su kawo shanu su ci burugu. Wani sashe na ruwan kuma ya nutse ƙasa, shi ke cika rijiyoyin ƙauyuka har masu nisa da bakin kogi. Ba wanda ke biyan ko kwabo kan wannan hidima, shi ya sa ba a sa ta a lissafi sa'ad da ake tsara madatsun.

Daga baya an yi lissafin. A farkon shekarun 1990 wani masanin tattalin arziki, Edward Barbier, da abokan aikinsa sun kwatanta amfanin da ake samu daga fadamun Hadejia zuwa Nguru, wato noma da kifi da itacen girki, da na aikin noman rani na Kano. Suka gano cewa idan aka auna da yawan ruwan da kowane ke sha, fadamar ta fi riba nesa ba kusa ba. Ni kaina na yi mamaki da na karanta wannan.

To, yanzu da ake sakin ruwa duk shekara, kogin ba ya bushewa, sai ciyawar kachalla ta samu wurin zama. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Hadejia zuwa Nguru ya gan ta, doguwa, ta fi mutum tsayi. Tana toshe hanyar ruwa, laka ta taru a gindinta, ruwa ya rasa mafita ya fantsama cikin gonaki da gidaje, wasu garuruwan na ƙasa kuma su rasa shi gaba ɗaya. Masunci ba ya iya jefa taru a cikinta. Tsuntsayen jan-baki na kwana a ciki, su fito da safe su far wa shinkafa da gero. Sauro kuwa ba a magana.

Wasu a ajinmu sun ce ai ruwan sama ne ya yi yawa a 2022, me ya haɗa shi da madatsa? Gaskiya ne an yi ruwa sosai. Amma ruwa mai yawa a kogin da hanyarsa ke buɗe daban yake da ruwa mai yawa a kogin da ya cushe. A nawa ganin, yashe kogi da cire kachalla da injina, kamar yadda gwamnatin jiha ke yi, yana taimakawa, sai dai ciyawar za ta dawo muddin ba a sauya yadda ake sakin ruwa daga sama ba. Wannan kuwa magana ce ta Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno tare, ba ta jiha ɗaya ba.

Kada wanda ke zaune a Dutse ya ce ba ruwansa don yana tsakanin duwatsu. Shinkafar da muke ci a mama-put, kifin da ake soyawa a bakin get, timatir da albasar kasuwar Shuwarin, da yawansu daga wannan kwari suke fitowa. Ku tuna yadda kwanon shinkafa ya tashi bayan ambaliyar.

Bana Baba ya raba gonarsa biyu, rabi a fadama rabi a tudu. Ya ce mini idan na gama furojek ɗin in kawo masa in karanta masa da Hausa, musamman wurin da ya shafi ranar da ake buɗe Tiga.